Ƙugiya da bindiga: yadda masu zanen Roma suka karanta Amurka a jikin bango

Akwai wani ɗan wuri a cikin fim ɗin Vittorio De Sica na 1948, Ladri di biciclette, wanda mu nan muka fi sani da sunansa na Faransanci, Le Voleur de bicyclette, da na daɗe ina komawa kansa. Antonio Ricci ya samu aiki bayan dogon zaman kashe wando, amma aikin ba ya yiwuwa sai da keke, kekensa kuwa yana jingina. Matarsa ta kwashe zannuwan gadonsu ta kai, aka fanso keken. Aikin shi ne liƙa hotunan talla a bangayen birnin Roma. Ran da ya fara, yana bisa tsani yana shafa gam, yana fama da takarda kar ta yamutse, sai wani saurayi ya haye keken ya tsere. Duk wanda ya kalli fim ɗin yana tuna keken. Kaɗan ne ke tuna abin da ke jikin takardar: Rita Hayworth ce, tauraruwar Gilda, tana murmushi bisa kan mutumin da abincin iyalinsa ya kuɓuce a daidai wannan lokaci.

De Sica ya sa wannan hoto ne don ya yi habaici, kowa ya sani. Ga Amurka da ƙyalƙyalinta, ga Italiya da yunwarta. Amma ni takardar kanta ce ta ja hankalina. Wa ke zana irin waɗannan takardu, da wane ido, kuma me suke gaya wa mai wucewa game da fim ɗin da bai gani ba tukuna? Hoton talla, wanda wasunmu ke ce wa afish, maƙwabtanmu na kudu kuma fosta, shi ne mai fassara na farko da ke tsayawa tsakanin fim da jama'a. A Italiya ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan fassara ta kai matsayin da ba ta kai ba a ko'ina, har a Amurkar kanta.

Sai an waiwayi tarihi kaɗan. A 1938 gwamnatin Mussolini ta yi dokar da ta mayar da shigo da finafinan waje hannun hukuma guda, ENIC. Manyan kamfanoni huɗu, MGM da Paramount da Warner Bros. da 20th Century Fox, suka ƙi yarda, suka janye daga kasuwar Italiya tun daga farkon 1939. Da yaƙi ya ƙare sai finafinan shekara shida suka kwararo gaba ɗaya, tamkar an ɓalle madatsar ruwa. Mutane na da ƙishirwar kallo: a 1955 an sayar da tikitin silima sama da miliyan 800 a ƙasar, talabijin kuwa sai a watan Janairu na 1954 ta fara shirye-shirye na kullum. Ƙidayar 1951 ta nuna kusan kashi 13 cikin 100 na jama'a ba su iya karatu ba, a kudancin ƙasar abin ya fi haka nesa. Saboda haka bango shi ne jarida. Ana buga hotunan bisa ma'auni sananne: ƙaramar locandina mai santimita 33 da 70, wadda ake rataye wa a shaguna da gidajen shan kofi, due fogli mai 100 da 140, sai babban, quattro fogli, mai 140 da 200, wanda ya fi mutum tsawo, ana liƙa shi gida biyu, sama da ƙasa.

Mutum uku ne suka fi shahara a wannan sana'a a Roma: Anselmo Ballester (1897 zuwa 1974), Alfredo Capitani (1895 zuwa 1985) da Luigi Martinati (1893 zuwa 1983). Sun haɗa gwiwa sun buɗe gidan zane da suka raɗa wa BCM, daga harufan farko na sunayensu. Martinati ya fi yi wa Warner aiki, Ballester da Capitani kuma Columbia. Capitani ne ya yi sanannen zanen Gilda. Bayansu akwai ƙaninsu a sana'a, Silvano Campeggi na Firenze, wanda ya rasu a 2018, mai yi wa MGM zane. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, sau da yawa mai zanen bai ga fim ɗin ba lokacin da yake aikin. Ana ba shi ƴan hotuna baƙi da fari da taƙaitaccen labari, a ce masa ana so cikin ƴan kwanaki. Launi nasa ne, girman kowace fuska nasa ne, abin da za a sa a gaba da abin da za a jefa cikin duhu duk nasa ne.

Ni da nake koyar da Faransanci da Hausa, sana'ar fassara ce abincina, don haka daga sunaye na fara lura da hannun Italiyawa. Wata rana na rubuta wa ɗalibaina na ajin ƙarshe sunayen finafinai a allo, na ce su mayar da su Hausa. Fim ɗin James Dean na 1955, Rebel Without a Cause, ma'anarsa ɗan tawaye marar dalili. Faransawa suka ce La Fureur de vivre, wato zafin son rayuwa. Italiyawa suka ce Gioventù bruciata, ƙuruciyar da ta ƙone. High Noon, wanda ba ya nufin kome sai tsakar rana, ya zama Mezzogiorno di fuoco, tsakar rana ta wuta, alhali Faransawa sun tsaya ƙirga kukan jirgin ƙasa. The Grapes of Wrath ya zama kalma guda, Furore. Wata yarinya da ke zaune can baya ta ce, malam, su waɗannan mutane kome sai sun kunna masa wuta? Ban samu abin da zan ƙara a kan maganarta ba. Abin da sunan ya yi da kalma, shi zanen ya yi da fenti.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne On the Waterfront na Elia Kazan, 1954, Sur les quais a Faransanci, Fronte del porto a Italiyanci, wanda Ballester ya yi wa zane. Ga waɗanda ba su gani ba: Terry Malloy, wato Marlon Brando, tsohon ɗan dambe ne da ke dako a tashar jiragen ruwa, yana cin albarkacin wansa Charley, na hannun daman Johnny Friendly, shugaban sandikar ƴan dako da ya mayar da ƙungiyar gonarsa. Kowace safiya ana taruwa a bakin tasha, wanda aka ga dama a ba shi aikin yini, saura su koma gida hannu rabbana. Wanda ya buɗe baki, gawa. An yi amfani da Terry wajen yaudarar wani saurayi zuwa kan rufin bene, aka jefo shi ƙasa. Daga baya Terry ya kamu da son ƙanwar mamacin, Edie. Labarin ya samo tushe daga rahotannin Malcolm Johnson a jaridar New York Sun a 1948, Budd Schulberg ya rubuta, aka ɗauka a Hoboken ta jihar New Jersey cikin tsananin sanyi, har tururin numfashi na fita daga bakin ƴan wasa. Mai riƙe da kamara Boris Kaufman ne, wanda shekara 20 kafin nan ya ɗauki L'Atalante na Jean Vigo a Faransa. Fim ɗin ya ci lambar Oscar 8.

To, duk nauyin wannan fim bisa magana yake. Tambayarsa guda ce: Terry zai yi magana gaban hukumar bincike, ko zai ci gaba da zama kurma bebe kamar yadda dokar tasha ta tanada? Manyan wurarensa duk na zance ne. Huɗubar limamin coci a cikin jirgi, gawa na kwance gabansa. Hirar ƴan'uwa biyu a kujerar bayan taksi, inda Terry ya tuna wa wansa daren da ya sa shi ya faɗi da gangan a fagen dambe don kuɗin caca, ya ce da yanzu shi ma wani ne. Charley ya zaro bindiga, Terry ya ture ta a hankali, ba fushi, sai takaici. Har ma lokacin da Terry ke faɗa wa Edie gaskiya, Kazan ya sa ƙarar jirgin ruwa ta danne kalmomin, muna ganin leɓe na motsi kawai, muna ganin yarinyar ta toshe kunnuwa. Fim ne mai launin toka, na hazo da sanyi da tantabaru bisa rufi.

Yanzu a dubi abin da Ballester ya ɗora a bango. Zanen ya fi ɗaya, amma kayan aikinsu iri guda ne: Brando ya cika takarda, ƙaramar bindiga a hannu, ƙugiyar ƙarfe ta ɗaukar kaya, jini ja wur, taron ƴan dako a baya kamar hadari. Wanda ya tsaya gaban wannan takarda mai tsawon mita 2 zai rantse fim ne na ɗaukar fansa, jarumi zai harbe azzalumi a huta. Alhali a cikin fim Terry bai harba ko harsashi ɗaya ba. Gaskiya ne ya ɗauki bindigar bayan ya tarar da gawar wansa rataye a ƙugiya a wani lungu, ya shiga mashaya yana neman Friendly, amma limamin ya bi shi ya hana, ya ce in yana son ya ga bayan mutumin to ya tafi kotu. Terry ya yi jifa da bindigar, ta fasa hoton Friendly da ke bango. Wato mai zanen ya ɗauki mintin da fim ɗin ya ƙi, ya mayar da shi tuta.

Mai son tsantsar gaskiya zai ce ha'inci ne, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba. Da ɗalibina ne ya kawo mini fassara irin wannan, da jan alƙalami zan bi ta. Sai dai na daɗe ina tunanin cewa ha'incin Ballester ya taɓo wani abu da fim ɗin ke ɓoyewa, ko da shi bai nufa ba.

Ranar 10 ga Afrilu 1952 Kazan ya bayyana gaban kwamitin majalisar Amurka mai farautar ƴan kwaminis, ya ambaci sunayen mutum 8 da suka yi jam'iyya tare a shekarun 1930. Schulberg ya riga shi yin haka a 1951, Lee J. Cobb, wanda ya fito a Friendly, shi ma ya yi a 1953. Ba a taɓa yafe wa Kazan gaba ɗaya ba: a 1999, da aka ba shi Oscar ta girmamawa, wasu a zauren sun naɗe hannu sun ƙi tafi. Don haka tun fitowar fim ɗin mutane suka karanta shi a matsayin kariyar kai: ga mai tona asiri an mayar da shi waliyyi. Kuma fim ɗin ya yi wayo wajen shirya hujjarsa. Waɗanda Terry ya tona masu kisan kai ne, sun kashe masa ɗan'uwa, ba wanda zai zarge shi. Waɗanda Kazan ya ambata kuwa ƴan wasan kwaikwayo ne da marubuta da ba su kashe kowa ba. An sauƙaƙa wa Terry tambayar da ta yi wa Kazan wuya. A nan ne nake ganin raunin fim ɗin, duk da ƙaunar da nake yi masa: limamin na yawan wa'azi, kiɗan Leonard Bernstein na yawan nuna mana inda za mu ji tausayi, tafiyar ƙarshe ta Terry, jina-jina yana tangaɗi zuwa ƙofar sito, an yi ta ne don mu tuna da masu shan azaba saboda gaskiya.

Ballester yana zaune a Roma, wannan shari'a ba tasa ba ce, kuma buroshi ba ya iya zana shaida gaban kotu. Da aka cire wa'azi da kiɗa da hujja, abin da ya rage masa shi ne jiki da ƙarfe: mutum mai sayar da ƙarfinsa, da ƙugiyar da yake ci da ita, wadda kuma ake rataye shi da ita. Mutanen Genova da Napoli, masu tashoshin jiragen ruwa, ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. A ganina wannan ne sashen fim ɗin da bai tsufa ba. Yau ba kowa ya damu da ko Kazan ya wanke kansa ba, amma layin safiya na masu jiran a nuna su da yatsa a ba su aikin yini, wannan kowa ya san shi, daga Hoboken har tashar motar kowane gari namu. Bindigar dai ƙarya ce, ina nan kan bakana. Ƙugiyar kuwa ta fi rabin maganganun limamin gaskiya.

Akwai abin da buroshin ya kasa, kuma ba ƙarami ba ne. Sabon abin da Brando ya kawo wa silima yana cikin ƙananan motsi. Edie ta yar da safar hannunta, ya ɗauka, maimakon ya miƙa mata sai ya zauna bisa lilon yara yana kaɗe ta, ya zura hannunsa ciki, yana ta zance, ita kuma ba ta da halin tafiya. Ƙaton ɗan dambe da farar safar mace a hannu, kunya da sha'awa da rashin sanin abin faɗi duk a wuri guda. Wannan ba ya hawa bango. Zanen Italiya jikan opera ne da zanen majami'u, ya saba da babban motsi, ƙirji a buɗe, ido sama. Finafinan da Kazan da ɗaliban Actors Studio suka kawo kuwa na masu ƙunƙuni ne, masu magana ciki-ciki, waɗanda ba su san abin da ke damunsu ba. Duk lokacin da waɗannan biyu suka haɗu, mai zanen ne ke rinjaye, sai ka ga saurayin da ke cikin ruɗu ya zama jarumi mai tabbas. Haka Martinati ya yi wa James Dean. Mata kuwa sun fi shan wahala: ko wace ce, ko me ta taka a fim, buroshin na jan ta zuwa ga Gilda, kafaɗa a waje, gashi na zuba kamar wuta. In ka jera hotuna goma sai ka ga kamar mace ɗaya ce ke canza riga. Masu sha'awar waɗannan takardu ba su cika son a faɗi wannan ba.

Kada kuma a ɗauka bango kaɗai ke gyara labari. A cikin zauren ma ana yi, tun da Italiya ƙasa ce ta ɗora murya, ba ta rubutu a ƙasan hoto ba. Da Casablanca ya iso bayan yaƙi, an yanke wuraren da hafsan sojan Italiya, Tonelli, ke zama abin dariya, an sauya sunan ɗan kasuwa Ferrari ya koma Ferrac, sannan makaman da Rick ya kai wa Habasha lokacin mamayar Mussolini suka zama na Sin. Ƙasar da ta jefa wa Habashawa iskar guba ba ta so a tuna mata a gidan silima. Kusa da wannan, laifin Ballester ƙarami ne: shi ya ƙara gishiri, su sun goge shaida.

Mu ma muna da ɗan rabo a wannan labari, ta wata ƙofa. A Moi, un noir na Jean Rouch, 1958, matasan Nijar da suka je ci-rani Treichville ta Abidjan sun ɗauki sunayen taurarin da suke gani a ƙofar silima. Oumarou Ganda, tsohon sojan Indochine mai dako a tashar jiragen ruwa, ya kira kansa Edward G. Robinson, kuma cikin mafarkinsa ɗan dambe ne, zakaran duniya. Ɗan dako, ɗan dambe, mai jin cewa da an ba shi dama da ya zama wani: shekara huɗu kacal bayan Terry Malloy, ba kuwa wani marubuci ne ya ƙaga shi ba. Kamarar Rouch na tsayawa kan hotunan talla da zanen shaguna na unguwar, don ta san daga nan samarin ke aro fuskokin da suke sawa. Ganda bai tsaya a aro ba, ya dawo Yamai ya yi Cabascabo da Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar lambar FESPACO a 1972. Amma daga bakin bango ya fara, kamar kowa.

Sana'ar ta mutu sannu a hankali. Talabijin ta kwashe masu kallo, hoton kamara ya fi zanen hannu araha, kamfanonin Amurka suka koma aika tsari guda ga duniya duka, har kwangilar taurari ta fara ƙayyade girman kowane suna da kowace fuska. Ballester ya bar zanen silima ya rasu a 1974. Sai daga baya masana suka waiwayo: a 2003 gidan adana zane na MoMA a New York ya buga littafin Dave Kehr, Italian Film Posters, a 2017 kuma aka yi gwanjon quattro fogli na Casablanca, zanen Martinati, kan dala 478,000 a gidan Heritage na Amurka. Takarda ce mai arha da aka buga don ta yi mako ɗaya ko biyu kafin a liƙa wata a kanta. Waɗanda suka yi aikin da aka yi su dominsa ruwan sama ya cinye su tun tuni. Waɗanda ke kai wa gwanjo su ne waɗanda ba su taɓa ganin gam ba, aka linke aka manta da su a sito ko ƙarƙashin matakalar wani gidan silima, shi ya sa in ka duba da kyau za ka ga layin linki ya ratsa ta tsakiyar fuskar Ingrid Bergman.